Wasan da ke jiran mai shi: gem ɗin labari na Japan da ƙasar masu dara

A cikin nau'o'in wasannin bidiyo da ake bugawa a talabijin da kwamfuta da wayar hannu, akwai wani rukuni da ya girma a ƙasar Japan, wanda masu harkar gem ke kira JRPG a taƙaice. Abu biyu ne suka raba shi da sauran. Na farko, a kan dogon labari aka gina shi: mai wasa zai shiga rigar wani jarumi, ya bar garinsu, ya tara abokan tafiya, ya yi ta keta dazuzzuka da birane har ya kai ga babban abokin gaba. Na biyu, faɗan da ke cikinsa galibi bi-da-bi ake yin sa. Mai wasa zai zaɓar wa kowane ɗaya daga cikin mutanensa abin da zai yi, ko sara, ko kare kai, ko shan magani, ko gudu. Sai abokan gaba su yi nasu, sannan juyi ya sake dawowa kansa. Muddin bai taɓa madanni ba, dodon da ke gabansa ba zai motsa ba, ko da ya tashi ya je masallaci ya dawo.

Wannan siffa ta sa ya yi hannun riga da irin gem ɗin da aka saba gani a garuruwan Arewa. Wanda ya leƙa gidan gem a Katsina ko Dutsin-Ma, galibi ƙwallon ƙafa zai tarar a kan PlayStation, ko dambe da harbe-harbe, matasa biyu na zaune, wasu na tsaye suna jiran a fitar da ɗaya. Dalilin a fili yake. Mai shago wasa-wasa yake karɓar kuɗinsa, ga janareta na shan mai, don haka abin da ke ƙarewa cikin minti goma shi ne ribarsa. Gem ɗin labari kuwa yakan ci awa talatin ko hamsin, wani ma ɗari, kuma mutum ɗaya ne ke bin sa daga farko har ƙarshe kamar mai karanta littafi. Bai dace da shago ba. Wurinsa ɗaki ne, ko aljihu.

Inda ya samo asali

Ba a Japan irin ya fara tsirowa ba. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan zaman tebur da ake yi da takarda da fensir da irin ƙwayar nan mai lambobi da ake jefawa a lido. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin mayaƙi ko boka ko ɓarawo, a riƙa jefa ƙwaya don a san ko sara ya samu ko ya kuskure. Da kwamfuta ta fara shiga gidaje sai aka ɗora mata wahalar lissafin. Wizardry da Ultima, waɗanda duka suka fito a 1981, su ne suka yi fice, amma akwai wuya, kuma sai mai kwamfuta da haƙurin karanta littafin bayani.

Wani marubuci ɗan Japan mai suna Yuji Horii ya kamu da son waɗannan wasanni biyu. A lokacin kamfanin Nintendo ya riga ya saki na'urarsa Famicom tun 1983, ta shiga gidaje miliyoyi. Horii ya ƙudurta rage wa wannan nau'in wasa wuya, yadda yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai iya bin sa da madannai biyu da na juyawa. Ranar 27 ga Mayu, 1986, kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest. Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, shi ya zana dodannin, Koichi Sugiyama ya tsara kiɗa. Kilobayit 64 kacal kaset ɗin ke ɗauka, alhali hoto guda da ake ɗauka da waya a yau ya ninka haka sau da yawa. Ƙarancin wuri ya kai sai da suka zubar da fiye da rabin haruffan katakana na rubutun Japananci, suka bar ashirin, suka riƙa ƙera sunayen garuruwa da dodanni da su kaɗai.

Labarin gajere ne. Wani saurayi, jikan tsohon barde, ya iso fadar sarki, aka shaida masa cewa Sarkin Dodanni ya jefa ƙasa cikin duhu kuma an sace gimbiya. Da fitowarsa daga fada yana hango gidan abokin gabar a tsallaken ruwa, kusa ƙwarai, amma babu hanyar ƙetarawa sai ya zagaye ƙasar duka. Ya kashe dodon da ke tsare da gimbiya a cikin kogo, ya ɗauko ta a hannu ya mayar da ita gida. Da ya isa gaban babban bos ɗin, sai Sarkin Dodannin ya yi masa tayin su raba duniya biyu, kuma wasan yakan bar mai shi ya amsa da kansa, e ko a'a. A ƙarshe jarumin ya ƙi karɓar gadon sarauta, ya tafi da gimbiya neman sabuwar ƙasa. A kashi na biyu, wanda ya fito a 1987, zuriyarsu ce ke mulkin masarautu uku.

Duk Bakatsinen da ya ji wannan zai tuna Daura. Baƙo ya iso gari da dare, an ƙera masa wuƙa a Gaya, ya tarar da macijiya ta hana jama'a ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a, ya sare kanta, ya auri Daurama, jikokinsa suka watsu suka riƙe garuruwan Hausa. Horii bai ari labarin Bayajida ba, kuma babu buƙatar ya ara. Tsohon ƙashin labari ne da al'ummomi da dama suka gada. Abin da ya ƙara a kai shi ne ya miƙa wa mai sauraro takobin.

Kashi na uku ne ya nuna girman abin. Ranar 10 ga Fabrairu, 1988, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya na Dragon Quest III cikin yini guda, 'yan sanda kuma suka kama ɗalibai kusan 300 da suka gudu daga makaranta suka shiga layi. Watanni biyu kafin nan, a Disamban 1987, wani kamfani mai suna Square ya fitar da Final Fantasy ƙarƙashin jagorancin Hironobu Sakaguchi, da kiɗan Nobuo Uematsu. Gasar waɗannan gidaje biyu ita ta raini nau'in. Enix ya riƙe tsohon salo, mai sauƙi da fara'a. Square ya yi ta canza tsari a kowace fitowa, yana ƙara wa labari nauyi. A 1995 manyansu suka haɗu suka yi Chrono Trigger, labarin yawo tsakanin zamunna mai ƙarshe sama da goma. A 1996 Pokémon ya fito a ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy, wanda Satoshi Tajiri ya gina a kan ƙuruciyarsa ta kamun ƙwari a bayan gari. Sai Final Fantasy VII a 1997, a faifai uku na PlayStation, wanda ya sayar da sama da kwafi miliyan goma ya kuma buɗe wa nau'in ƙofar Turai da Amurka. A 2003 kamfanonin biyu suka narke suka zama Square Enix. Matsayin da waɗannan wasanni suka kai a ƙasarsu ya bayyana ranar buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a Yulin 2021, inda 'yan wasan ƙasashen duniya suka shigo fili da kiɗan Dragon Quest da Final Fantasy da makamantansu.

Daɗin faɗan bi-da-bi

Wanda bai saba ba, in ya ga faɗan a karon farko, zai iya cewa babu komai a ciki: mutane huɗu a jere, dodanni a gabansu, ana zaɓen umarni daga cikin wani ɗan akwatin rubutu. Armashin yana cikin lissafi ne. Kowane jarumi yana da ma'aunin jini, wanda in ya ƙare ya faɗi, da ma'aunin ƙarfin sihiri, wanda ke raguwa duk sa'ad da ya yi warkarwa ko ya jefa wuta. Juyi ɗaya ne kowa ke da shi kafin abokan gaba su rama. To a yi amfani da juyin mai warkarwa a ceto mayaƙin da jininsa ya kusa ƙarewa, ko a haɗu a rufe bos ɗin da sara da fatan zai faɗi kafin ya sake ɗaga hannu? A sha maganin da ya rage guda ɗaya yanzu, ko a adana shi don ba a san zurfin kogon ba? Faɗa ɗaya ba ya kashe mutum. Abin da ke kashe shi rashin tattalin guzuri ne tun daga bakin kogo.

Mutumin Batsari ko Safana a jihar Katsina ya san wannan irin daɗi, don ya tashi ya ga manya a gindin bishiya sun duƙa a kan dara. Gurbi talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da kara, wancan da tsakuwa. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Babu mai cin dara da saurin hannu. Dattijo mai rawar yatsu yakan lallasa saurayi, domin ya hango taku uku a gaba. Haka gem ɗin bi-da-bi yake: bai tambayi mutum kaifin ido ko zafin nama ba, ya tambaye shi shawara. Wannan ne ya sa ake samun masu shekara hamsin da sittin a Japan suna bin sa har yau, kuma mai raunin hannu ko wanda bai taɓa riƙe na'urar gem ba yana iya shiga.

Akwai kuma wani rangwame da Horii ya dasa da gangan. Duk faɗan da aka ci yana ƙara wa jarumi makin gogewa, in makin ya taru sai ya hau mataki, jininsa da ƙarfinsa su ƙaru. A Dragon Quest, in aka kashe tawaga gaba ɗaya, ba a komawa farko. Mai wasa zai farfaɗo a gari, an zabge rabin kuɗinsa, amma gogewar da ya tara tana nan. Ma'ana, wanda bos ya gagara yau, in ya yi ta fafatawa da ƙananan dodanni, gobe zai iya. Gwani ya wuce da dabara, wanda ba gwani ba ya wuce da naci. Sannu ba ta hana zuwa, kuma kusan duk tsarin wasan a kan wannan aka ɗora shi.

Masu ƙira sun yi ta sarrafa wannan tushe. Final Fantasy IV na 1991 ya shigo da agogo cikin faɗa, yadda mai jinkiri zai sha duka. Final Fantasy X na 2001 ya cire agogon, ya jera sunayen masu juyi a gefen allo don mutum ya tsara takunsa. Pokémon ya dogara ga rinjayen halitta: ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa. A jerin Persona, wanda ya gano lagon dodo yakan sami ƙarin juyi. Bravely Default na 2012 ya ba da damar cin bashin juyi, mutum ya kai hari huɗu a jere, sannan ya tsaya ya biya yana shan duka.

Labari da zaman tare

Faɗa shi ne ƙashi, amma ba shi ke sa mutum ya tuna wasa bayan shekara ashirin ba. Abin da ya fi kama zuciya shi ne tsawon zama da mutanen cikin labarin. Fim awa biyu ne ko uku. A nan kuwa mai wasa yakan yi makonni da tawaga ɗaya, shi ke saya musu takobi da sulke, shi ke kai su masauki su kwana, shi ke zaɓen wanda zai tsaya gaba. Sabo ke nan, kuma sabo turken wawa ne da mai hankali duka.

Misalin da aka fi ambata shi ne Aerith, mai sayar da furanni a Final Fantasy VII. Labarin na wani kamfanin lantarki ne mai suna Shinra, wanda ke zuƙe ruhin ƙasa yana sayarwa, talakawa na zaune a ƙarƙashin birni ba sa ganin rana. A ƙarshen faifai na farko aka kashe Aerith a gaban mai wasa, kuma babu maganin da ke tashin ta. Abin ya girgiza mutane ba don sabon abu ne a kashe jaruma a labari ba. Dalilin shi ne ita ce aka saba dogara da ita wajen warkarwa, an ɓata awanni ana ɗaga matakinta, sai ga gurbinta babu kowa a faɗa na gaba. Rashin ya shiga har cikin lissafin mai wasa. Wannan hanya ce ta ba da labari da littafi da fim ba su da ita.

Dragon Quest V na 1992 ya fi shi zurfi ta wata fuskar, kuma a ganin masu yawa shi ne gwanin jerin. An fara da jarumin yana ɗan shekara shida yana bin mahaifinsa. Aka kashe uban a gabansa, aka kama shi bauta shekara goma. Ya tsere, ya girma, ya yi aure, kuma mai wasa ne ke zaɓen matar. Aka mayar da shi gunkin dutse shekara takwas, 'ya'yansa tagwaye suka girma ba uba, su ne suka nemo shi suka kwance shi. Can sai ta bayyana cewa gwarzon da aka yi alkawarin zai ceci duniya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nema, ɗansa ne. Rayuwa ce ta mutum guda daga ƙuruciya zuwa zama uba, an ba da ita da zanen da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba a kan allo.

Ba duka ne labarin takobi da dodo ba. Persona 5 na 2016 ya bi wani ɗalibin sakandare a Tokyo da aka yi wa sharri bayan ya hana wani ɗan siyasa cin zarafin wata mata. Mai wasa ke raba masa kwanakin shekara tsakanin aji da jarrabawa da aikin neman kuɗi da abokai da yaƙi da azzalumai, kuma yini in ya wuce ba ya dawowa. Yakuza: Like a Dragon na 2020 ya ɗauko mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, Ichiban Kasuga, wanda ya yi shekara 18 a kurkuku kan laifin da bai aikata ba, ya fito ya tarar an yashe shi, ya farfaɗo cikin marasa matsuguni a Yokohama. Tawagarsa ta haɗa da korarren ɗan sanda da tsohon ma'aikacin jinya da ya koma kwanan titi, kuma a ofishin samar da aiki suke sauya sana'ar faɗa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne mutanen gari. A kowane ƙauye akwai tsohuwa a bakin rijiya, da mai shago, da yaro mai bin kare, kowa da 'yar maganarsa. Kamfanin Nihon Falcom, a jerin Trails da ya fara a 2004, yakan sauya wa waɗannan mutane magana duk sa'ad da labari ya matsa gaba, har mai wasa ya san wa ya yi aure, wa ya ci bashi, wa ya bar gari. Sannan ga kiɗa. Da yake na'urorin farko ba sa iya fitar da muryar mutum, karin sauti ne ke ɗauke da baƙin ciki da murna, shi ya sa har yau ake cika manyan zauruka don a saurari ƙungiyar makaɗa tana buga sautukan Uematsu da Sugiyama.

An taɓa ɗauka cewa zamanin bi-da-bi ya wuce. Da na'urori suka ƙara ƙarfi, manyan kamfanoni suka karkata ga faɗan nan-take, har Final Fantasy XV na 2016 da XVI na 2023 suka bar tsohon tsarin. Kasuwa ta nuna akasin haka. Dragon Quest XI na 2017 da Octopath Traveler na 2018 da Metaphor: ReFantazio na 2024 duk sun karɓu, sannan a Afrilun 2025 wani ƙaramin kamfani a birnin Montpellier na Faransa ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33 a kan salon Japan ɗin, ya sayar da kwafi miliyan ɗaya cikin kwana uku.

A bakin Dajin Rugu

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne na manoma da makiyaya a yammacin Katsina, suna jingine da Dajin Rugu wanda ya miƙa har iyakar Zamfara. Lantarki ba tabbas, shagon cajin waya ne madogarar yawancin matasa, kuɗin data kuma ba ƙaramin nauyi ba ne. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi watanni waya ba ta kira ba ta shiga intanet. Duk gem ɗin da ke buƙatar a haɗu da wasu ta intanet ya mutu a irin wannan hali. Tsofaffin wasannin labari kuwa, irin su Dragon Quest na farko zuwa na shida, da Final Fantasy na farko zuwa na shida, da Chrono Trigger, duk an mayar da su na wayar Android, kuma da yawansu in an sauke su sau ɗaya ba sa neman data. Ba sa buƙatar babbar waya, kuma da yake faɗan ba na sauri ba ne, taɓa gilashi da yatsa ɗaya ya wadatar. Cikas ɗin shi ne na kuɗi ne, ba kyauta ba, kuma sai da katin banki.

Ta fuskar ɗanɗano ma babu baƙunta. Al'ummar da ke bin Daɗin Kowa da Labarina shekara da shekaru, take sauraron littattafan Hausa a rediyo da waya, take cika katin waya da fassarar finafinan Indiya a wurin masu turawa, ba za a koya mata haƙurin bin dogon labari ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tsarinsa kusan na irin wannan wasa ne: saurayi ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana faɗawa gari bayan gari, kowane gari da irin tasa fitinar, ga Malam Zurƙe na ɓullowa a kan hanya kamar abokin hamayyar da masu ƙira ke so su riƙa maimaitawa.

Akwai wani ɓangare da ya kamata a faɗe shi da nauyinsa. Da yawa daga cikin waɗannan labarai da ƙona ƙauye suke farawa. Haka Dragon Quest IV, haka na XI. A Suikoden II na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1998, akwai wata yarinya mai suna Pilika da sojoji suka ƙone ƙauyensu suka kashe iyayenta, daga baya tsoro ya ɗauke mata magana. Ga ɗan Tokyo wannan ƙirƙira ce. Ga mutanen Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari, inda aka kashe mutum 30 a harin Fabrairun 2020, da sauran ƙauyukan da suka watse suka koma cikin gari, abu ne da ido ya gani. Wasa ba ya warkar da wannan, kuma ba kowa ne zai so ya sake kallon sa a allo ba. Sai dai abin lura ne yadda Suikoden ya tafiyar da sauran labarin. Jarumin yakan sami wani kango ya mayar da shi mafaka, ya yi ta yawo yana tattaro mutane har 108, kuma ba duka mayaƙa ba ne: akwai mai dafa abinci, da maƙeri, da manomi, da likita, da mai ajiyar kaya. Mai wasa na kallon kangon yana zama gari. Cikin dukan abin da nau'in ya ƙirƙiro, da wuya a sami wanda ya fi wannan ma'ana ga yankin da jama'arsa ke fatan komawa gonakinsu.

Abubuwan dubawa

Iyaye da malamai suna da hujjar yin tambaya. Ta farko ita ce lokaci. Wasan awa tamanin yana iya cinye karatu da aikin gona, kuma da yake labari ne, barinsa a tsakiya na da wuya. Abin da ke rage wannan shi ne yana da ƙarshe, kuma ana iya ajiye shi a ci gaba gobe ba tare da an yi asarar komai ba.

Ta biyu ita ce aƙida. Labaran cike suke da sihiri da gumaka da aljanu, an kwaso su daga addinai da tatsuniyoyin duniya an gauraya. Ifiritu da Hausawa suka sani yana cikin Final Fantasy a matsayin aljanin wuta da ake kira ya taya faɗa. Jerin Shin Megami Tensei ya wuce nan, domin yakan sa abubuwan bautar addinai daban-daban cikin waɗanda ake yaƙa, kuma ba abin da za a miƙa wa yaro ba ne. Wasu kuma suna da shigar da ba ta dace ba, ko gidan caca na kuɗin wasa kamar yadda yake a Dragon Quest tun daga na huɗu. Ba Musulmi kaɗai ke da irin wannan damuwa ba: reshen Nintendo na Amurka ya daɗe yana goge alamar gicciye da sunayen giya daga wasannin Japan kafin ya sayar da su a can. Kowane wasa yana ɗauke da alamar shekarun da suka dace da shi, kuma tazarar da ke tsakanin Pokémon da Persona 5 babba ce.

Ta uku ta fi hatsari, domin a ɓoye take. Akwai wasannin waya masu salon bi-da-bi da ake saukewa kyauta, irin su Fate/Grand Order na Japan da Honkai: Star Rail na Sin, waɗanda ke samun kuɗinsu ta hanyar gacha. Mutum zai biya kuɗi na gaske a juya masa ƙuri'a, ko ya sami jarumin da yake so ko ya tashi a tutar babu. Hukumar kare masu saye ta Japan da kanta ta haramta wani nau'insa a 2012. Wannan ɗan'uwan caca ne, kuma ya sha bamban da wasan da ake saye sau ɗaya a mallake shi.

Babban shinge dai harshe ne. Gem ɗin ƙwallo ba ya buƙatar karatu, wannan kuwa rabinsa karatu ne, dubban jimloli da Ingilishi ko Faransanci ko Japananci. Ga ɗalibin da ya fara kama Ingilishi, hanya ce mai kyau ta ƙara ƙwarewa, don dole ya fahimci abin da tsohuwar bakin rijiya ta ce kafin ya san inda zai nufa. Ga wanda bai yi boko ba, ƙofa ce a rufe. Square Enix da Nintendo ba su taɓa fitar da ko ɗaya da Hausa ba.

Wasu al'ummomin ba su zauna jira ba. Mother 3, wanda ya fito a Japan a 2006, kamfaninsa bai fassara shi zuwa Ingilishi ba, masoyansa ne suka yi aikin da kansu suka gama a 2008. A Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games na Yawunde sun fitar da Aurion a 2016, wasan labari da aka gina a kan al'adun Afirka, ko da yake faɗansa na nan-take ne. Akwai kuma manhajar RPG Maker, 'yar asalin Japan, wadda ke ba mutum damar zana gari da tsara faɗa da rubuta zance ba tare da zurfin ilimin kwamfuta ba. Da ita aka yi To the Moon a 2011, wanda ya zagaya duniya. Haruffan Hausa masu lanƙwasa ba su gagari kwamfutar yau ba, kuma kayan labari na nan jibge: Gizo da Ƙoƙi, rijiyar Kusugu, Ɗanwaire mayaƙin Ruma na ƙarni na 19, da Dajin Rugu kansa tun kafin ya zama abin tsoro. Ya rage ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su nemi marubutan Hausa da masu zane da makaɗa, su zauna tare su fara da ƙauye ɗaya da kogo ɗaya.